Yadda ake gina Python 3.12 daga tushensa a kan Ubuntu 22.04

Ubuntu 22.04, wanda aka fitar a watan Afrilu na shekarar 2022, yana zuwa ne da Python 3.10 a cikinsa, kuma haka zai ci gaba da zama har ƙarshen wa'adinsa, domin masu kula da Ubuntu ba sa sauya babbar sigar Python a tsakiyar rayuwar fitowa guda. Python 3.12 kuwa ya fito a watan Oktoba na 2023, ya zo da sabon salon rubuta nau'o'in bayanai da kalmar `type`, da sassauci a rubutun f-string, da saƙonnin kuskure masu saukin fahimta. Saboda haka wanda yake da kwamfuta ko saba (wato server, kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta intanet) mai ɗauke da Ubuntu 22.04, kuma aikinsa ya buƙaci sabuwar sigar, dole ne ya samo ta daga wani wuri. Akwai hanyoyi masu sauri, kamar rumbun deadsnakes mai raba ginannun sigogin Python na Ubuntu, da manhajar pyenv mai girka sigogin Python daban-daban, amma pyenv ɗin ma abin da yake yi a ɓoye shi ne wannan ginin da za mu yi da hannunmu. Wanda ya taɓa yin ginin sau ɗaya da idonsa a buɗe ba zai ruɗe ba ranar da pyenv ya tsaya masa da kuskure.

Abin da ake ginawa shi ne CPython, wato tafintan Python da aka rubuta da harshen C, wanda yake karanta rubutunka na Python ya aiwatar da shi. Aikin ya kasu kashi uku a zahiri: a shirya ginin da `configure`, a harhaɗa shi da `make`, sannan a girka shi. Na fi mayar da hankali a kan kashi na farko, domin a nan ne ake yanke kusan duk hukuncin da zai bi tafintan har ranar da aka goge shi.

Kafin komai, akwai doka ɗaya da bai kamata a karya ba. Python 3.10 da ke `/usr/bin/python3` na Ubuntu ne, ba naka ba ne. Manhajoji da dama na tsarin, irin su `add-apt-repository` da mai sabunta manhajoji, sun dogara da shi da kuma laburarorin da aka girka dominsa. A bar kaza cikin gashinta. Sabon Python ɗin da za mu gina zai zauna a gidansa daban, kuma da cikakken sunansa za a riƙa kiransa.

Tanadin kayan gini

Mataki na farko shi ne girka kwamfaila da fayilolin raya manhaja na laburarorin da Python yake jingina da su. A Ubuntu kowace laburare tana da kunshi biyu: wanda ake buƙata domin manhaja ta yi aiki, da wanda ake buƙata domin a gina manhaja a kanta, kuma sunan na biyun yana ƙarewa da `-dev`. Kasancewar OpenSSL a kwamfutarka bai isa ba. Idan babu `libssl-dev`, ginin ba zai gan ta ba. Buɗe taminal ka rubuta:

`sudo apt update`

`sudo apt install build-essential pkg-config wget libssl-dev zlib1g-dev libbz2-dev liblzma-dev libsqlite3-dev libreadline-dev libffi-dev libncurses-dev libgdbm-dev libgdbm-compat-dev uuid-dev tk-dev`

Yana da kyau mutum ya san amfanin kowanne, saboda rashin kowanne yana da irin alamar da yake nunawa daga baya. Kunshin `build-essential` shi ne ke kawo GCC da `make`. Tun daga Python 3.11 ana buƙatar kwamfailar da ta san ƙa'idar C11, kuma GCC 11 da ke cikin Ubuntu 22.04 ya wadatar. Idan babu `zlib1g-dev`, ginin zai kammala amma girkawa za ta tsaya a lokacin da ake ƙoƙarin saka pip, manhajar da ake girka kunshe-kunshen Python da ita, tare da saƙon cewa ba a iya kwance matsattsen fayil ba. Idan babu `libffi-dev`, ɓangaren `_ctypes` ba zai samu ba, kuma kunshe-kunshe da yawa za su ƙi girkuwa. Rashin `libsqlite3-dev` zai hana Django, tsarin gina shafukan intanet da Python, tashi da rumbun bayanansa na farko. Rashin `libreadline-dev` ƙaramar matsala ce amma mai ban haushi, domin idan ka danna kibiyar sama a cikin tafintan, maimakon ya dawo maka da umarnin baya sai ya rubuta `^[[A`. Shi kuwa `tk-dev` na manhajojin da ke da taga ne, irin su IDLE, kuma yana janyo kunshe-kunshe masu yawa. Wanda yake gini a kan saba, ko yake lissafin datarsa, zai iya barinsa.

Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne `libssl-dev`. Tun daga Python 3.10 ba a karɓar OpenSSL da ta gaza siga 1.1.1, kuma Ubuntu 22.04 yana da OpenSSL 3.0, don haka a nan babu damuwa. Na taɓa gina Python a wata saba na manta da wannan kunshin, komai ya tafi lafiya har ƙarshe, sai da na zo girka kunshi na farko pip ya shaida mini cewa ɓangaren `ssl` babu shi. Babu gyaran da ya wuce a girka kunshin a sake ginin tun daga `configure`. Wannan shi ne halin da ya kamata kowa ya sani game da ginin Python: rashin laburare ba ya tsayar da shi. Yana tsallake ɓangaren ne kawai ya ci gaba, ya bar maka sanarwa a wurin da mai gaggawa ba zai duba ba.

Saukar da tushen

Ƙirƙiri folda a cikin gidanka, kuma kada ka yi wannan aikin da ikon `root`, wato mai cikakken iko a kan tsarin, domin ba a buƙatar `sudo` sai a matakin girkawa kaɗai.

`mkdir -p ~/gini && cd ~/gini`

`wget -c https://www.python.org/ftp/python/3.12.7/Python-3.12.7.tar.xz`

Na ɗauki 3.12.7 a matsayin misali. Ka duba shafin python.org ka ɗauki lamba mafi sabunta a jerin 3.12, domin kowace sabuwar lamba tana ɗauke da gyare-gyaren tsaro. Fayil ɗin ya kai kusan megabait 20, kuma harafin `-c` yana sa `wget` ya ci gaba daga inda ya tsaya idan intanet ta yanke. A adireshi guda akwai fayil mai irin wannan suna da ƙarin `.asc`, wanda shi ne sa hannun Thomas Wouters, mai kula da fitar da jerin 3.12 da 3.13. Idan ginin na saba ne da mutane za su dogara da ita, ka sauko da shi, ka shigo da mabuɗinsa kamar yadda shafin python.org ya nuna, sannan ka tabbatar da `gpg --verify Python-3.12.7.tar.xz.asc`. Daga nan sai ka kwance kunshin ka shiga ciki:

`tar -xf Python-3.12.7.tar.xz && cd Python-3.12.7`

Shirya ginin

Fayil ɗin `configure` rubutun shell ne mai tsawon gaske, kuma aikinsa shi ne yi wa kwamfutarka tambayoyi. Yana fara gano irin na'urar da tsarin aikin, inda za ka ga ya rubuta wani abu kamar `x86_64-pc-linux-gnu`. Daga nan yana harhaɗa ɗaruruwan ƙananan shirye-shirye na gwaji domin ya san ko wani aiki na C yana nan, ko wani fayil na `.h` yana nan, da girman kowane nau'in lamba a wannan na'urar. Amsoshin da ya samu yana zuba su cikin fayiloli biyu, `pyconfig.h` da `Makefile`, kuma su ne suke mayar da tushe guda ya zama Python na Linux a nan, na FreeBSD ko macOS a can. A macOS ana amfani da wannan rubutun tare da zaɓuɓɓuka na musamman kamar `--enable-framework`, amma a Windows ba a amfani da shi sam, ana bi ta foldar `PCbuild` da Visual Studio.

Ga umarnin da nake ba da shawara a kai:

`./configure --prefix=/opt/python-3.12 --enable-optimizations --with-lto --enable-loadable-sqlite-extensions --with-ensurepip=install 2>&1 | tee shiri.log`

Zaɓin `--prefix` shi ne ke faɗin inda Python zai zauna. Idan ba a ambace shi ba, wurin zai zama `/usr/local`, inda fayilolinsa za su warwatsu cikin `bin` da `lib` da `include` da `share`, su cakuɗu da na wasu manhajoji. Tushen Python ba shi da umarnin cire abin da aka girka, saboda haka na fi son folda guda a ƙarƙashin `/opt` wadda babu kowa a cikinta sai shi. Wanda ba shi da ikon `sudo` zai iya rubuta `--prefix=$HOME/python-3.12`, komai zai yi aiki daidai. Ka zaɓi wurin da kyau tun yanzu, domin ana rubuta wannan adireshin cikin fayilolin da aka gina, kuma ɗauke foldar zuwa wani wuri daga baya yana lalata pip da sauran ƙananan umarnai.

Zaɓin `--enable-optimizations` shi ne ya fi kowanne tasiri a kan sauri, kuma shi ne ya fi cin lokaci. Idan aka kunna shi, ana gina Python sau biyu. A karo na farko ana gina shi da na'urorin ƙidaya a cikinsa, sannan a sa shi ya gudanar da wani zaɓaɓɓen sashe na gwaje-gwajensa, yana rubuta waɗanne hanyoyi aka fi bi a cikin rubutun C da waɗanda ba a cika bi ba. A karo na biyu kwamfaila tana amfani da wannan bayanin ta tsara manhajar yadda hanyoyin da aka fi bi za su fi sauri. Shi kuma `--with-lto` yana ba kwamfaila damar duba dukkan fayilolin a lokacin haɗa su wuri ɗaya, maimakon ta inganta kowanne shi kaɗai. Python ɗin da Ubuntu yake rabawa an gina shi da irin waɗannan ingantawar, don haka idan ka bar su, sabon Python ɗinka zai iya kasa tsohon sauri, abin da zai ba ka mamaki ba tare da dalili ba. Amma ina ba da shawarar a yi ginin farko ba tare da waɗannan biyun ba, a tabbatar babu ɓangaren da ya ɓace, sannan a share da `make distclean` a sake da su. Gini mara ingantawa yana ƙarewa cikin 'yan mintuna, kuma gara a gano rashin laburare a wannan ɗan lokacin da a gano shi bayan dogon jira.

Sauran biyun ba su da wuya. Na SQLite yana ba da damar ɗora ƙarin ɓangarori a kan rumbun bayanan, abin da masu aikin taswira da SpatiaLite suke buƙata, na ƙarshen kuma yana tabbatar da an girka pip.

Akwai zaɓi ɗaya da na bari da gangan, wato `--enable-shared`, kuma ya cancanci a tsaya a kansa domin jagorori da yawa suna saka shi ba tare da bayani ba. Yana sa a gina zuciyar tafintan a matsayin laburare mai zaman kanta mai suna `libpython3.12.so.1.0`, wadda wasu manhajoji za su iya ɗauka su saka Python a cikinsu. PyInstaller yana buƙatarta, haka ma `mod_wsgi` na Apache. Idan ba ka amfani da irin waɗannan, ba ka buƙatarsa. Idan kuwa kana buƙatarsa, ka sani cewa Linux ba zai nemi laburare a `/opt/python-3.12/lib` da kansa ba, kuma da zarar ka kira sabon Python ɗin zai ce ya kasa buɗe `libpython3.12.so.1.0`. Maganin da ya fi tsafta shi ne a rubuta adireshin cikin manhajar tun a lokacin shiri, ta hanyar ƙara wannan a ƙarshen umarnin `configure`:

`--enable-shared LDFLAGS="-Wl,-rpath,/opt/python-3.12/lib"`

Da zarar `configure` ya gama, kada ka wuce zuwa `make` nan take. Dalilin da ya sa muka adana abin da ya rubuta cikin `shiri.log` ke nan. A kusa da ƙarshe yana jera ɓangarorin laburaren Python ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta `yes` a gaban wanda zai ginu, `missing` a gaban wanda kayan gininsa ba su samu ba, `n/a` kuma a gaban wanda bai shafi wannan tsarin aikin ba. Duba su da wannan:

`grep "stdlib extension module" shiri.log | grep -v yes`

Ganin `n/a` a gaban `_scproxy` ba matsala ba ne, domin na macOS ne. Amma idan ka ga `missing` a gaban `_ssl` ko `_hashlib` ko `zlib` ko `_ctypes` ko `_sqlite3`, ka tsaya ka girka kunshin da ya dace, sannan ka sake gudanar da `configure`. Idan ka tabbata kunshin yana nan amma duk da haka ba a gan shi ba, buɗe `config.log` ka nemi sunan laburaren. A can za ka ga ainihin gwajin da aka yi da kuskuren da kwamfaila ta bayar. Wanda ya girka OpenSSL tasa a wani wuri daban zai nuna wa `configure` wurin da `--with-openssl=`, ya ƙara da `--with-openssl-rpath=auto` domin tafintan ya riƙa samun ta a lokacin aiki.

Harhaɗawa da gwaji

`make -j$(nproc)`

Umarnin `nproc` yana faɗin adadin ƙwaƙwalen furosesarka, `-j` kuma yana raba musu aikin. A kwamfuta mai ƙaramar RAM, musamman ƙananan sabobin haya masu gigabait 1 ko 2, matakin LTO, wato aikin `--with-lto`, yana iya cinye ma'adanar har tsarin ya kashe kwamfailar, sai ka ga kalmar `Killed`. Idan haka ta faru, ka rage zuwa `-j1` ko `-j2`, ko ka ƙara swap, wato sashen diski da tsarin yake amfani da shi idan RAM ta cika, ko ka cire `--with-lto` gaba ɗaya. A tsakiyar ginin za ka ga gwaje-gwaje suna wucewa ɗaya bayan ɗaya a hankali, kamar aikin ya tsaya. Wannan shi ne matakin tattara bayanin sauri, kuma ba ya rabuwa tsakanin ƙwaƙwale da yawa, sai haƙuri. Mai aiki da laftof ya tabbatar da cajinsa ya cika kafin ya fara, domin gini yana zuƙe batir fiye da aikin yau da kullum. Idan aka ɗauke wuta kwamfutar ta mutu a tsakiya, abin da ya fi aminci shi ne `make clean` sannan a sake `make`, saboda fayil ɗin da aka yanke rubutunsa rabi zai iya yaudarar `make` ya ɗauka an gama shi. Mai gini a saba ta SSH kuma ya yi aikin a cikin `tmux` ko `screen`, manhajojin da ke riƙe aikin taminal yana ci gaba, domin yankewar layi kada ta kashe ginin.

A ƙarshen `make` akwai taƙaitaccen rahoto na adadin ɓangarorin da aka duba, da waɗanda suka ɓace, da waɗanda suka ginu amma suka ƙi shigowa. Karanta shi, sannan ka gwada tafintan tun yana cikin foldar gini:

`./python -m test -j0`

Wannan yana gudanar da gwaje-gwajen Python a kan dukkan ƙwaƙwalen, ba tare da waɗanda suke buƙatar fita intanet ba. Idan ka gina da `--enable-shared`, ka fara umarnin da `LD_LIBRARY_PATH=.` tunda ba a girka laburaren ba tukuna. Ganin an tsallake wasu gwaje-gwaje abu ne na al'ada, domin wasunsu na Windows ne ko na wasu tsare-tsaren. Idan wani ya faɗi, ka sake shi shi kaɗai da cikakken bayani, misali `./python -m test -v test_ssl`, domin wani lokacin cunkoson aiki ne ya sa lokacinsa ya ƙare, ba lahani a ginin ba.

Girkawa

`sudo make altinstall`

Bambancin `altinstall` da `install` ƙarami ne a rubuce, amma shi ne ke kare tsarinka. Umarnin `install` yana ƙirƙirar suna `python3` da `pip3` masu nuni ga sabon ginin, shi kuwa `altinstall` yana tsayawa ga `python3.12` da `pip3.12`. A Ubuntu ana duba `/usr/local/bin` kafin `/usr/bin`, don haka wanda ya yi `make install` a `/usr/local` ya sa duk rubutun da yake farawa da `#!/usr/bin/env python3` ya koma kan Python ɗin da ba shi da laburarorin Ubuntu. A `/opt` haɗarin ya ragu, amma na fi son hannu ya saba da `altinstall` a ko'ina.

Domin a iya kiran sabon tafintan daga kowace folda, mahaɗi guda ya isa:

`sudo ln -s /opt/python-3.12/bin/python3.12 /usr/local/bin/python3.12`

Yanzu a tabbatar da aikin:

`python3.12 -c "import ssl, sqlite3, ctypes, lzma, bz2, zlib, readline; print(ssl.OPENSSL_VERSION)"`

Idan ya rubuta sigar OpenSSL ba tare da kuskure ba, ɓangarorin da suka fi muhimmanci sun samu. Ka kuma duba `python3 --version` ka ga har yanzu yana cewa 3.10.

Kada ka girka kunshe-kunshe kai tsaye cikin `/opt` da `sudo`. Kowane aiki ya samu keɓantaccen muhallinsa da `python3.12 -m venv .venv`, a kunna shi da `source .venv/bin/activate`, kuma a cikinsa kalmar `python` da `pip` za su nufi 3.12 ba tare da sun taɓa na tsarin ba. A nan akwai abu ɗaya da ke tuntuɓar da masu ƙaura daga 3.10: an cire `distutils`, tsohon ɓangaren gina kunshe-kunshe, daga Python 3.12, kuma sabon muhalli ba ya zuwa da `setuptools` kamar da. Idan wani tsohon kunshi ya yi kukan rashin `distutils`, ginin ka lafiya yake; `pip install setuptools` a cikin muhallin yakan warware matsalar.

Python ɗin da ka gina da hannunka `apt` bai san da shi ba, saboda haka sabunta shi ya rataya a wuyanka. Gyare-gyaren OpenSSL da SQLite za su riƙa iso masa ta `apt upgrade`, tunda da laburarorin tsarin yake aiki, amma gyaran Python kansa sai ka sauko da sabuwar lamba ka sake gini, kuma jerin 3.12 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har watan Oktoba na 2028. Idan ka manta zaɓuɓɓukan da ka yi amfani da su, tafintan yana riƙe da su:

`python3.12 -c "import sysconfig; print(sysconfig.get_config_var('CONFIG_ARGS'))"`

Ka gina sabuwar lambar da wannan `--prefix` ɗin, ka yi `altinstall` a kan tsohuwar, muhallan da ka ƙirƙira za su ci gaba da aiki domin mahaɗi ne kawai suke da shi zuwa `/opt/python-3.12/bin`. Idan kuma ranar rabuwa da shi ta zo, `sudo rm -rf /opt/python-3.12` da `sudo rm /usr/local/bin/python3.12` sun isa, sai dai ka karanta adireshin sau biyu kafin ka danna Enter, sannan ka sake ƙirƙirar duk muhallin da ya dogara da shi a kan sabuwar sigar da ka koma.